Wayar da Ta Daina Ƙara

A bencin rumfar mai gyaran waya, wani dattijo da wata ma'aikaciyar jinya suna jira.

"'Yata, wa ya tura ki asibitin da kike aiki?"

"Kwamfuta, Baba. Ana zuba mata abin da kowa ya iya, da inda yake zaune, da guraben da ke akwai, sai ta haɗa kowa da inda ya fi dacewa."

"Mu ma an kawo mana ita kamfanin motocinmu. Da ni ke raba wa direbobi hanya. Na san mai ciwon baya, na san wanda matarsa ta kusa haihuwa. Ita ta san wannan?"

"In an faɗa mata, tana sawa a lissafi. Ni dai ta dawo da ni kusa da gida. Da can ƙarshen gari ake jefa ni, don ba ni da kowa a ofis."

"Ai da kin je kin gaishe da mai rabon."

"Na je, Baba. Layi har waje."

"Haka ƙofata take a da! Tun asuba waya ke ƙara, ko shayi ba na sha da zafinsa."

"To ai kun huta. Me ya sami wayar taku?"

"Ta daina ƙara. Sai in wuni ban ji ta ba."

Mai gyara ya kira lambar da tasa wayar. Nan take ta dattijon ta ɗauki ƙara.

"Baba, lafiyarta ƙalau."

"Sake dubawa dai, ɗana."