Ladan da Ba a Ƙwacewa

Shekara arba'in ina sabunta lasisi, ban taɓa jin zance irin wanda na ji a layin ofishin ba, tsakanin wani tsohon direba da wata mata mai jiran sakamakon gwajin tuƙi.

"'Yata, wa ya koya miki mota?"

"Wani mai makarantar tuƙi, Baba. Sana'ata raka maza liyafa da otal. Shi kuwa ba ya biya da kuɗi, sai kyauta."

"Subhanallahi! To, ai kyauta ta fi mutunci. Haka muka taras."

"Mutunci? Wani ya ba ni waya, ranar da muka ɓata ya aiko aka karɓe. Shi ya sa na ce wa wannan, kowace fita darasi biyu. Ya zo ya ƙwace daga ƙafata mu gani."

Tsohon ya sosa ƙeya. "Ni ma na taɓa karɓe rediyo... wato, wani abokina."

"Allah ya shiryi abokin naka, Baba."

Ma'aikaci ya leƙo ta taga. "Lamba tara, kin ci!"

Ta miƙe tana gyara mayafi. "Na bar rakiya ke nan. Baba, in ka ji ana neman direba, ga ni."