Ina Neman Miyar Inna ta Tashar Goronyo

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah shi ƙara maka lafiya. Ni ce Hadiza daga Marnona.

Babana tsohon direba ne, yanzu yana kwance, abinci ya ƙi shiga. Kullum zancensa guda: miyar kifin wata mata mai rumfar tuwo a tashar Goronyo, zamanin da ake ginin madatsar ruwa. Na dafa iyakar iyawata, sai shi ɗanɗana shi kau da kai.

Na hau mashin na tafi neman labarinta. Inda rumfar take da, yanzu cajin waya ake yi. Wani dattijo masunci ya ce, "Ɗiyata, duk mun ci tuwonta." Na ce, "Baba, mi ne sunanta?" Ya ce, "Inna muke ce mata. Wa ka kiran uwatai da suna?" Na bi har Wurno da Rabah, kowa Inna ya sani.

Jama'a, in ɗiya ko jikar Inna na saurare, don Allah ta zo ta koya mani miyar nan, tun babana na iya haɗiya.