Muryar Da Na Hana A Rera

Alheri da salama su tabbata a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya mutu, ya kuma tashi. Amin!

Sunana Bitrus. Tsofaffin cikinku sun san ni da Usta Bitrus mai tarakta, don usta ake ce wa gwanin direba a nan. Zan faɗi shaidata daki-daki, yadda abin ya faru, na farko a farko, na ƙarshe a ƙarshe. Yaran da ke baya su yi shiru.

Na fara da yadda muke. A shekarun da ake buɗe manyan gonakin inji a kudancin Gadarif ta ƙasar Sudan, aikin tuƙi ya kawo ni daga ƙasar Bauchi, ni da matata Rahila. Hausawan da muka tarar Musulmi ne, jikokin alhazai, sun kuwa karɓe mu da mutunci. Mu masu bi da ke jin Hausa gidaje kaɗan ne. A rumfar ƙofar gidana muke taruwa ran Lahadi. Ba fasto, ba kayan kiɗa. Littafin waƙoƙinmu kalmomi ne zalla. Ni ne dattijo, Rahila ce mai ɗaukar waƙa.

Dole in bayyana abu ɗaya, in ba haka ba ba za ku gane sauran ba. Waƙoƙin sujada da yawa awonsu ɗaya ne. Layin farko gaɓa takwas, na biyu shida, na uku takwas, na huɗu shida. Duk waƙar da ke da wannan awo za ta hau duk muryar, wato karin rerawa, da aka yi dominsa, kamar yadda buhu yake ɗaukar dawa yau, gobe ya ɗauki riɗi. Rahila ta san muryoyi da dama, amma mutanenmu guda ɗaya kawai suka iya riƙewa. Sai ta haƙura. Takan buɗe littafi, ta lanƙwasa yatsu tana ƙirga, ta ce, "Ta hau." Da wannan murya ɗaya muke godiya, da ita muke ɗaurin aure, da ita muke cin Jibin Ubangiji.

Na biyu, mutuwarta. Wata damina ta bi ni gonakin Simsim tana dafa wa ma'aikata abinci a kambo, wato zangon 'yan aikin gona. Zazzaɓi ya kama ta, ya ƙi sauka. Cikinta ya kumbura, jikinta ya bushe. Kalazar ce, cutar nan mai kumbura saifa. Kun san baƙar lakar ƙasar nan in ruwa ya zauna: ko tarakta sai ta roƙa. Kafin hanya ta buɗe mu iso gari, lokaci ya wuce.

Muka ɗauke ta a kan gadon igiya. A bakin kabari aka buɗe waƙar jana'iza, aka rera ta da muryar da muke da ita. Wace kuma za mu rera?

Ban yi kuka ba. Na ce dattijo ba ya kuka. Wayyo, 'yan'uwa, da ma na yi!

Na uku, abin da ya biyo ni. Damina ta zagayo, na koma kan tarakta. Wanda bai taɓa shiga gonakin nan ba ba zai gane ba. Ba itace, ba tudu, ba bukka. Ƙasa baƙa har inda ido ya tsaya, kai kaɗai da inji. Wata rana da tsakar rana, ina jan diski, wato garmar inji, ina shuka, sai na ji bugun injin ya daidaita. Takwas, shida. Takwas, shida. Na ce gajiya ce. Sai murya ta hau kansa.

Muryar Rahila ce. Ba kalma ko ɗaya. Murya kawai, tsirara, tana tafe daga can ƙarshen gona inda kawalwalniya ke rawa.

Na kashe inji. Ta ci gaba.

Da dare ba ta zuwa. Da rana take zuwa, lokacin da inuwar mutum ke ƙarƙashin ƙafarsa. Wa zan gaya wa ina jin fatalwa da rana tsaka?

Ran Lahadin da na samu shigowa gari, na ce a rumfa zan huta. Aka buɗe waƙar godiya. Mama Laraba, tsohuwar da ta karɓi ɗaukar waƙa bayan Rahila, ta ɗaga murya. Ita ce dai. Suna godiya don ruwan sama, ni ina ganin ƙasa tana zuba a kan tabarmar da aka rufe matata. Aka yi ɗaurin aure, ita ce. Aka yi bikin haihuwar Ubangiji, ita ce. Kowace ƙofa na buɗe, kabarin nan ne a bayanta.

Sai na yi hukunci. A garinmu, idan mace ta mutu, akan ɗaure tukunyarta da zanenta a ajiye, ba mai taɓawa. Na ɗauka murya ma haka take. Na miƙe na ce, "Daga yau ba za a ƙara rera muryar nan a rumfar nan ba. An binne ta tare da mai ita."

Mama Laraba ta ce, "Usta, Rahila ce ta saƙa ta?"

Na ce, "Mama, na gama magana."

"To rabin littafin nan fa? Mu jiƙa shi mu sha?"

"Ku karanta shi."

Haka kuwa aka yi, domin rumfata ce, kuma suna jin nauyina. Muka riƙa karanta waƙoƙin Allah kamar masu karanta sammaci. Mama Laraba takan ce da ƙarfi, don in ji, "Ko zaman makoki ana ba da shayi." Mutane suka fara zamewa. Wasu suka koma inda ake sujada da Larabci, ko da rabin wa'azin ba sa ganewa. Wasu suka zauna a gida.

Kuna tsammani na sami sauƙi? Da na kulle ta a bakin mutane, sai ta tare gaba ɗaya a cikin kaina.

Na huɗu, kwalba. Ba zan yi mata ado ba. Na fara shan aragi, giyar dabinon nan da ake dafawa a ɓoye, wai don in toshe kunne. Daga kofi na koma kwalba a ƙarƙashin kujerar tarakta. Dattijon ikilisiya! Ran Lahadi ina tsawata wa yara, ran Litinin ina wari.

Giyar ba ta kore ta ba, sai ma ta sa na fara bin ta. Wata rana na juya sitiyari na bar layi, na ja diski ta tsakiyar dawar da ta riga ta tsiro, na nufi inda muryar take. Ban farga ba sai da tayoyin gaba suka leƙa bakin hafiri, babban ramin da ake tara ruwan damina. Abin da ya tsayar da injin nan, ban sani ba har yau.

Wakilin gonar, Malam Tahiru, ya iso da gudu, jallabiyarsa duk laka. Ya ce, "Ya usta, me ka gani?"

Na ce, "Ba gani na yi ba. Ji na yi."

Ya dube ni, ya dubi ruwan. Ya ce, "In ka sake, halas, shi ke nan, zan karɓi makulli. Ba don dawa ba. Ba ni zan kai gawarka Gadarif ba. Ku ba ku da masu yi muku addu'a ne?"

Muna da su. Ni na kore su.

Na biyar, ranar da Ubangiji ya tare ni. Lokacin yankan riɗi ne, a wata gona wajen Ƙala'at an-Nahal. An ɗauke ni daga noma, an ba ni jan tankin ruwa zuwa wurin masu yanka. Rana ta take. Na tsaya, na kashe inji, sai ga ta. Amma yau ta yi kauri, kamar mutane da yawa ke rera ta. Na ce shi ke nan, ta zo da 'yan rakiya. Na sauka. Na ce yau zan je, in mutuwa ce a gama.

Na bi ta cikin dammunan riɗin da aka jingina su bushe. Ina matsawa tana ƙaruwa. Da ba haka take yi ba, guduna take yi.

A bayan dammunan na same su. Mutane ne, masu rai, masu gumi! 'Yan ƙwadago ne daga duwatsun Nuba, sun ajiye laujensu, sun kafa bargo sun yi inuwa, suna tafi suna rerawa da harshensu.

Na yi musu tsawa da Larabci, "Wa ya mutu?"

Suka tsai da waƙa. Wani dogo a cikinsu, Kuku sunansa, ya ce, "Baffa, lafiya? Ba wanda ya mutu. Mai lori ne ya kawo labari, matata ta sauka. Mace!"

"To me ya sa kuke waƙar jana'iza?"

Suka tuntsire da dariya. Kuku ya ce, "Wannan? Cewa take Allahn da ya ba da hatsi ya ƙaro bakin da zai ci. In an mutu akwai wasu kalmomin. Muryar ce dai ɗaya, ita kakanninmu suka kawo daga ɗakin sujada."

Na ce su maimaita. Suka maimaita, ni kuwa ina lanƙwasa yatsu a kan harshen da ban sani ba. Takwas, shida. Takwas, shida. Ta hau.

'Yan'uwa, ku ji abin da ya faru. Na faɗi a kan kututturan riɗi, suna sukana, ban ji ba. Na yi kukan da na hana kaina a bakin kabari. Na ce, "Ubangiji Yesu, ban san mai kirana a gonakin nan ba. In Rahila ce, tana hannunka, riƙe ta. In ba ita ba ce, ka san sunansa, tsawata masa. Na kulle bakin 'ya'yanka, na buɗe nawa ga kwalba. Ka gafarta mini. Ba zan ƙara bin ta ba, kai zan bi!"

Kuku ya ɗora hannu a kaina yana addu'a da harshensa. Da na tashi, na je tarakta na ɗauko kwalbar, na tsiyaye ta a cikin tsagar ƙasa. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Haba baffa, ranar suna ga ta tafe, da ka bar mana!" Kuku ya kai masa duka da hula.

Ba zan yi muku ƙarya ba. Washegari da tsakar rana muryar ta dawo, ba kalma, kamar kullum. Amma Ubangiji ya riga ya nuna mini abin yi. Ta zo fanko, sai na yi mata lodi. Na buɗe baki na ɗora mata waƙar tashin Almasihu daga matattu, da ƙarfi, a kan ƙarar inji. Da ta ƙare na ɗora ta godiya. Da na rasa kalmomi na ƙirga nawa na ɗora. Tun daga ranar ba ta ƙara juya mini sitiyari ba. Haleluya!

Na ƙarshe, rumfa. Da aka gama kaka na dawo gari. Mutanen da suka rage ba su cika tabarma biyu ba. Na miƙe na faɗa musu duk abin da na faɗa muku, har kwalbar. Na ce na janye hukuncina. Na ce, "Mama, ɗauko mana."

Ta ce, "A'a. Wanda ya kulle shi zai buɗe."

Ni da ban taɓa ɗaukar waƙa ba! Na ɗauka, ta yi sama da yawa, muryata ta tsage kamar ta ɗan zakara. Mama Laraba ta ce, "Sauko, Usta, ba hasumiya za mu hau ba." Na sauko. Suka kama. Waɗanda suka tafi ba duka suka dawo ba, wannan kuwa nauyina ne, ina roƙon Allah a kansa.

Har yau, wani lokaci in rana ta take, nakan ji ta can nesa. Ban san ko mene ne ba, na daina tambaya. Bara Mama Laraba ta tafi gida. A bakin kabarinta aka buɗe waƙar nan ta jana'iza, aka dube ni. Na ɗauka, da muryar nan, har baiti na ƙarshe. Na dawo gida, na ci tuwo, na kwanta da rana tsaka, na yi barci.

Godiya ta tabbata ga Yesu wanda ya tsayar da ni a bakin ruwa! Kai da wani abu ke kira daga inda ba kowa, kada ka tafi kai kaɗai, kada kuma ka rufe bakin 'yan'uwanka. Kawo shi wurin Ubangiji. Ya riƙe ni, zai riƙe ka. Amin.