Rantsuwar da Ta Rufe Min Baki Shekara Bakwai

Da sunan Allah Mai rahama nake gaishe ku, 'yan'uwana mata, assalamu alaikum. Malama ta ce yau bayan karatu in tashi in faɗi abin da Allah Ya yi min. Na so in zille, ta kafa min ido. To, ga ni.

Sunana Balaraba. A nan unguwar Rusaifa aka haife ni, kakannina ne suka zo aikin hajji daga Kano suka zauna. Manyan cikinku sun san ni tun ina mai waƙar biki. Ni ce mai riƙe duffu, wato mandiri, a zauren mata, 'yan amshi huɗu a bayana. Wurin Inna, mahaifiyata, na koya. Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi girman kai da muryar nan. Na sha barin sallah ta wuce ni saboda amarya ba ta fito ba, kuma idan uwar biki ta ɓata min rai, a cikin waƙa nake yanka ta a gaban baƙinta.

Na yi aure, shekara shida babu haihuwa. Da na samu ciki sai tsoro ya kama ni, don biyu sun zube a baya. Na je Harami, na tsaya ina kallon Ka'aba, na ce wallahi idan wannan ya tsaya, bakina ba zai ƙara rera waƙa ba har in mutu. Ban tambayi kowa ba. Ko mijina, da yake tuƙa bas a tashar Kudai, sai daga baya ya ji.

Cikin ya tsaya. Aka haifi Sumayya.

Ta shekara biyu ba ta kallon idon mutum. Ka kira sunanta, kamar da bango kake. Ƙarar injin wanki kaɗai takan sa ta yi ta buga kanta da ƙasa. Muka kai ta mustashfa, asibiti ke nan, duktura ta ce tawahhud ne, wato yaro yana ji yana gani amma ya rufe a cikin kansa, magana tana yi masa wuya. Ta yi ta bayani, ni kuwa abu ɗaya nake ji a zuciyata: Balaraba, alhakin waƙoƙinki ne ya sauka a kan yarinyar nan. Ba wanda ya gaya min haka. Ni na yanke wa kaina hukunci, na kuma ɗora wa Allah.

Lokacin Inna tana zaune da mu. Wanka shi ne yaƙinmu na kullum, ni da Sumayya, cizo da yaƙushi. Wata rana na dawo daga kasuwa na ji gidan tsit. Na leƙa banɗaki, ga Sumayya zaune cikin baho, Inna tana zuba mata ruwa tana rera mata waƙa a hankali, tana ɗan buga gefen bokiti da yatsa. Yarinyar da ba ta yarda a taɓa mata kai, ga kumfa har goshi, leɓenta yana motsi.

Da ina da hankali, da zama zan yi a bakin ƙofar in gode wa Allah. Sai na ce, "Inna, ba a waƙa a gidan nan."

Ta ce, "Ke kika rantse, Balaraba, ni ban rantse ba. Ba ki ga tana saurare ba?"

Na ce, "Abin da kika koya min ne ya jawo mana wannan. Ki bar min 'yata haka."

Uwata na gaya wa wannan maganar. Ta ɗauraye yarinyar, ta naɗe ta a tawul, ta miƙo min. Kwana biyu bayan nan ta haɗa kayanta ta koma wurin yayana a unguwar Aziziyya. Ina zuwa gaishe ta, tana amsawa, tana ɗora Sumayya a cinya, amma ba ta ƙara buɗe baki da waƙa a gabana ba. Ni kuma girman kai ya hana ni cewa ta yafe min. Bayan shekara biyu ta rasu.

Na ci gaba da abin da nake kira tuba. Na kashe duk wani sauti a gida. Idan wayar baƙuwa ta yi kiɗa sai in harare ta. Na ɓoye Sumayya, ba biki ba suna, wasunku ma ba ku san ina da ita ba. Ta kai shekara bakwai ba kalma ko ɗaya. Idan ƙishi take ji sai ta ciji hannunta, ni kuma in yi ta canka: ruwa ne, yunwa ce, ko ciwo?

Wata Talata na ɗauke ta muka je Harami sallar la'asar, lokacin ana ta aikin faɗaɗawa. Muna fitowa farfajiya, ga cunkoso ga ƙarar injinan gini, sai ta zube a ƙasa tana ihu, ta ciji hannunta har jini. Mutane suna ratse mu suna kallo. Na durƙusa na rungume ta, na ce, "Ya Rabbi, ni ce mai laifi, ita me ta yi? Na bar abin da na fi so saboda Kai. Na gaji, ban san hanya ba, Ka nuna min."

Ina kuka ina jijjiga ta, ban san lokacin da sauti ya fara fita daga maƙogwarona ba. Ba kalmomi, gunaguni ne kawai mai karin waƙa. Ihun ya tsaya. Da na farga sai na toshe bakina ina istigfari. Sumayya ta ɗago ta kalle ni cikin ido, ta kama hannuna ta janye shi daga bakina, ta ɗora tafinta a wuyana.

Wata tsohuwa 'yar Sakkwato tana zaune kusa da mu a kan darduma. Ta ce, "Ɗiyata, don mi kika tsaya?"

Na gaya mata komai, ina jiran ta yaba min. Sai ta riƙe haɓa. Ta ce, "Shekara bakwai, kuma ba ki tambayi mai ilmi ba? Wa ya ce miki Allah na azabtar da jinjiri don laifin uwatai? Rarrashin ɗiya ba shi ne barin sallah ba. Je ki tambaya, rantsuwa tana da kaffara."

Washegari na zo gidan nan wurin Malama. Ga ta nan zaune, ita ce shaida. Ta ce wanda ya rantse sannan ya ga abin da ya fi alheri, sai ya yi alherin, ya ciyar da miskinai goma. Goma, 'yan'uwa. Mijina ya sayo shinkafa da kaza ƙunshi goma, ya raba wa masu shara a tashar Kudai kafin azahar. Abin da na tsare shekara bakwai, na ɓata da uwata a kansa, a safiya ɗaya aka warware shi. Ranar na yi kukan da ban yi ba ko a rasuwar Inna.

Ban koma biki ba, kuma ba na marmari. Waƙata yanzu ta mutum ɗaya ce. Ta sa takalmi daban, ta cin abinci daban, har alwala da waƙa na koya mata gaɓa-gaɓa. Wata biyar ina yi ni kaɗai kamar mahaukaciya. Ran nan na rera, "Sumayya za ta sha," numfashina ya ɗauke, sai na ji wata 'yar murya ta ƙarasa, "ruwa." Allahu Akbar! Cokalin hannuna ya faɗi.

Yau shekararta goma. Ba ta warke ba, kada in yi muku daɗin baki. Har yanzu ba ta hira, amma abin da take so takan rera shi, kuma ta daina cizon hannu. Malamarta a makarantar yara irinta ta ce da an fara tun tana ƙarama da an yi nisa. Ba da mugunta ta faɗa ba, amma maganar tana nan a ƙirjina.

Don haka mai yaro irin Sumayya a gida, don Allah ki fito da shi. Ba horo ba ne, amana ce. Ki dogara ga Allah, kuma ki tambaya kafin ki ɗaure kanki da abin da bai ɗora miki ba. Na gode Masa da Ya ji ni a ranar da ban cancanta ba.

Makon jiya tana wasa da wayata sai ta tsaya a kan hoton Inna. Ta daɗe tana kallo, sannan ta rera, da karin da muke neman takalmi idan ya ɓata, "Ina Inna, ina Inna?" Wannan ce tambaya ta farko da ta taɓa yi min a duniya. Idan na amsa da magana ba za ta gane ba. Dole na share fuska, na rera mata cewa Inna ta tafi wurin Allah, ba za ta dawo ba.

Alhamdu lillahi a kan komai. Idan kun tashi addu'a ku sa Inna a ciki, sunanta Hadiza.