Ƙidayar da Aka Yi da Damina

"Kafin a cire gyaɗa, za a manna takardar abin da lebura ke samu a mako a ƙofar wannan zaure, kowa ya karanta." Malam Habu magatakarda, maganarka ce, a nan ka faɗe ta. An cire gyaɗar, an shuka wata, ita ma an cire.

Shugaban taro, ranka ya daɗe. Dagatai, malamai, iyayena da ƙannena, assalamu alaikum. Na gode da aka ba ni wuri na tsaya. Sunana Turai, daga Yako, ni ke koya wa mata karatu a ajin yaƙi da jahilci. Mijina Maikano ya tafi cin rani haƙar kuza a ƙasar Doguwa, rami ya rufta da shi.

Na farko, an ce mini diyyar lebura da abin da yake samu a mako ake auna ta. Na ce to, a auna. Aka ce sai ƙidayar leburori da albashinsu da gwamnati ta yi ta fito. Na jira. Na tako da ƙafata har Tudun Wada, aka ce mini, "Iya, takarda tana Kano." Na aika Kano, aka ce tana Kaduna. Takarda ta fi mijina yawo!

Na biyu, jama'a, na bincika na gano lokacin da aka yi ƙidayar nan. Da damina aka yi ta. Da damina! Wane mutumin Kiru ne, wane mutumin Bebeji ne yake cikin ramin kuza alhali gero na neman maimai? Mai ƙidaya ya je, ya tarar da hedimomi, wato shugabannin lebura, da masu gadi, ya rubuta su, ya hau mota. Ɗan cin rani kuwa, wanda shi ke cika ramin daga kaka zuwa bazara, ba a gan shi ba, saboda haka wai babu shi. Ina karanta jarida, na san nauyin kuzar da aka fitar bara. An auna ƙasa, ba a auna mai haƙa ta ba.

Mu huɗu, matan da rami ya cinye mazansu, muka fara bin diyyar nan. Rabi ta koma gidan iyayenta a Ƙofa. Zuwaira ta ce ta bar wa Allah. Ta ukun ta rasu. Ku dubi bayana, babu kowa. Har yanzu hannuna kan ɗebo garin tuwon mutum biyu kafin in tuna.

Malam Habu, na ba ka zuwa ganin watan azumi. In ba a koma an ƙirga da rani ba, zan ɗauki tabarmata in zauna bakin ramin ranar biya, in tambayi kowane lebura abin da ya karɓa, in rubuta da boko da ajami, in aika wa jarida da sunana a ƙasa. Ni kaɗai zan tafi, na saba.

Allah ya jiƙan waɗanda ƙasa ta rufe, ya maida kowa gidansa ya tarar da mai jiransa. Na gode.