Aljihun da Na Ɗinka wa Mai Jan Bango

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban kwamitin laburarenmu, Baba Hedimasta. Masu girma 'yan kwamiti, maza da mata. Uwar ɗakina, shugabar ma'aikatan laburare, wadda ta shekara goma sha tara tana haƙuri da warin gam ɗina. Malamai da ɗalibai. Iyayenmu mata da suka cika layin gaba, waɗanda na san tun ba a gama share zauren nan ba suka iso. Direbobi da teloli da ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwa da suka bar sana'arsu domin su shaida wannan rana. Da ku da kuke leƙe ta taga saboda kujera ta ƙare: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina gode wa Allah da ya nuna mana ranar buɗe sabon ɗakin karatunmu. Ina gode wa waɗanda suka ɗora ni a kan wannan mumbari, ni da ban taɓa rubuta littafi ba, ban taɓa koyar da aji ba. Ga wanda bai san ni ba, ni ne mai ɗinkin littattafai. Ni ne mutumin nan da ke zaune a ƙaramin ɗakin da ke ƙarƙashin bene, tsakanin allura da zare da gwangwanin gam. Idan littafi ya ɓalle, wurina ake kawo shi; idan bango ya cire, wurina ake kawo shi; idan wani mai son taimako ya manne shafi da salatif ya ƙara lalata shi, to shi ma wurina ake kawo shi, kuma Allah ya yafe wa wannan mai taimako, ni dai har yanzu ina ƙoƙari.

Jama'a, yau ranar murna ce, amma ba za ku san girman murnar ba sai na faɗa muku abin da muka kusa rasawa.

Wata takwas da suka wuce, da aka tashi gyaran ginin nan, kwamiti ya ce wuri ya yi kaɗan, dole a rage littattafai. Aka kafa doka mai kama da hankali: duk littafin da aka ɗinke har sau uku ya tsufa, a fitar da shi. To yaya za a gane? Ni ne na tona asirin, ba tare da na sani ba. Tun da na fara aiki, duk littafin da na gyara nakan ɗiga masa ɗigo ɗaya da alƙalami a cikin bangon baya, don in san sau nawa ya zo hannuna. Aka ce mini, "Malam, bi ɗigonka ka ware mana." Na bi ɗigona na ware. Littafi ɗari uku da goma sha biyu suka shiga kwali, aka ba su mako biyu kafin a kwashe su a kai wa masu ƙunsa kaya da takarda a kasuwa.

Da na tsaya na dubi kwalayen sai na gane kuskuren da muka yi. Kusan dukkansu 'yan ƙananan littattafan nan ne na soyayya da almara, masu yarima da ya fito daga cikin madubi, masu budurwa da ke jin maganar tsuntsaye, masu gari a ƙarƙashin kogi. Na ɗaga kai na dubi kantar sama, inda manyan littattafai suke jere da bangonsu mai sheƙi, babu ko ɗigo ɗaya a jikinsu. Na sauko da guda na buɗe, sai na tarar da shafukansa biyu a manne tun daga maɗaba'a, shekara goma sha ɗaya ba wanda ya raba su. Ashe dokarmu ta zaɓi littattafan da ba a karantawa ta ajiye, ta kwashi waɗanda ake karantawa ta nufi shara da su.

Ban zo in ci mutuncin manyan littattafai ba, Allah ya kiyaye. Suna da ranarsu, suna da mutanensu. Na zo ne in faɗi abin da hannuna ya sani game da ƙanana, domin mai ɗinki yana ganin abin da marubuci da malami ba sa gani.

Na farko, littattafan nan suna shiga inda manya ba sa shiga. Na ciro tikitin mota daga cikinsu, na ciro zaren tela, na ciro takardar magani, na goge tabon shayi, na goge tabon man inji. Littafi ne da ke shiga aljihun riga, ya bi mai shi wurin aiki, ya jira shi har ya sami hutun minti goma. Akwai wata nas da ke zaune a nan, ba zan nuna ta ba, amma tana dariya. Ta taɓa ce mini, "Malam, ni da na wuni ina ganin ciwo, ka bar ni in shiga garin da na tabbata ba wanda zai mutu a shafi na ƙarshe." Wa zai ce wannan baiwar Allah ba ta cancanci garinta ba?

Na biyu, suna yi wa mai karatu alkawari, kuma suna cikawa. Ana kushe su wai tun daga shafin farko an san ƙarshe, an san za a rabu, an san za a sha wuya, an san za a haɗu. To, jama'a, a cikin al'amuranmu na yau da kullum, guda nawa ne muka san ƙarshensu? Mai neman aiki bai sani ba, mai jinya bai sani ba, uwar da ɗanta ya yi tafiya ba ta sani ba. Idan mutum ya sami wuri guda da aka ce masa ya kwantar da hankalinsa komai zai daidaita, ya shiga ya huta ya fito da ƙarfinsa, ni ban ga laifinsa ba.

Na uku, kuma ku maza ku saurara da kyau, ba mata kaɗai ke karanta su ba. Akwai wani direba da ya shekara huɗu yana aro, kullum yana cewa, "Na ƙanwata ne." Ranar da ya ji an zuba su a kwali, ya faɗo ɗakina ko sallama babu, ya ce, "Malam, kashi na uku fa? Ban san ko ta yafe masa ba!" Na ce, "Ƙanwar taka ce ba ta sani ba?" Ya ce, "Malam, bar zancen ƙanwa, ni kaɗai iyayena suka haifa."

Amma wanda ya ceci sauran littafi ɗaya ne, kuma shi ne ya fi kowa shan wuya. Ba wanda ke kiransa da sunansa, Mai Jan Bango muke ce masa. Ɗigona tara ne a jikinsa. Labarin wata yarinya ce mai gyaran agogo, da wani sarki da garinsa ke tafiya a bisa gajimare, ba ya iya sauka ƙasa sai sau ɗaya a shekara. Ya kawo mata agogonsa gyara, ita kuma ta riƙa jan aikin don ya sake dawowa. Shekara bakwai da suka wuce, shafi goma sha biyu na ƙarshe suka ɓace, daidai inda aka ce wa sarki ya zaɓa, ko garinsa ko mai gyaran agogo. Na nemi wani kwafin har na gaji, ban samu ba.

Kun san abin da masu karatunmu suka yi? Wata rana aka dawo da shi, na ga takarda a naɗe a baya: wani ya rubuta nasa ƙarshen. Bayan wata biyu takardun suka zama uku. Da suka kai goma suna zubewa, sai na yanki ƙyalle na ɗinka wa littafin aljihu a bangon baya. Wani ya sa yarinyar ta hau gajimare. Wata ta sa sarki ya sauko da garin gaba ɗaya ya ajiye shi a bayan kasuwa. Wani, da alama makanike ne, ya ɓata shafi biyu yana bayanin yadda aka ƙera tsanin hawa gajimaren. Ba mai sa suna, ba mai tambayar wani. Ranar da aka zuba shi a kwali, ƙarshe arba'in da ɗaya ne a cikin aljihun nan.

Saura kwana biyu a kwashe kwalayen, kwamiti ya zauna, na nemi izinin magana. Abin da zan faɗa yanzu na nemi yardar Baba Hedimasta a kansa, ya ce in faɗa duka, kada in rage. Kowa ya san Baba. Rabin zauren nan ya bi ta hannunsa, kuma har gobe idan ya ƙwanƙwasa gilashin agogonsa da ɗan yatsa sau biyu, mai furfura ma gyara zama yake yi. Na ajiye Mai Jan Bango a gabansa, na ce, "Ranka ya daɗe, kafin a zubar, a duba bayansa."

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, shekara talatin da biyar ina ƙwace irin wannan tarkacen daga hannun ɗalibai. Yau kuma ni za ka ba?"

Na ce, "Minti biyar, ranka ya daɗe."

Ya ƙwanƙwasa agogo sau biyu, ya zazzage aljihun a kan tebur. Ya ɗauki takarda ta farko ya yi tsaki, ya ɗauki ta biyu ya girgiza kai. Da ya ɗauki wata mai rubutun shuɗin biro, sai ya tsaya. Minti biyar suka wuce, goma suka wuce. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake karantawa daga farko. Sannan ya ce, da wata murya da ban taɓa jin sa da ita ba, "Wannan rubutun uwar 'ya'yana ne."

Jama'a, da yawanku kun san Mama, Allah ya jiƙanta, shekara biyu ke nan da rasuwarta. Lokacin da ciwo ya kwantar da ita, autarsu ce ke zuwa tana aro mata littattafai, tana saka su a ƙasan jaka don kada Baba ya gani. Ni kaina ban san ta yi rubutu ba. A nata ƙarshen, sarki ya bar gajimare ya sauko, ya zauna da mai gyaran agogo har suka tsufa. Ya zama dattijo mai faɗa, mai ninke hankicinsa gida huɗu, mai ƙwanƙwasa gilashin agogo sau biyu idan shayi ya makara. Layin ƙarshe kuwa, na haddace shi: "Ita kuma da gangan take makarar da shayin, don ta ji ƙwanƙwasar nan, domin duk duniya ba sautin da ya fi shi daɗi a kunnenta."

Baba ya shafa takardar da tafin hannunsa. Can ya ce, "Shekara arba'in da ɗaya muna tare, ina zaton haƙuri take yi da ni." Ya tattara takardun da hannunsa, ya mayar da su aljihu ɗaya bayan ɗaya, ya dubi 'yan kwamiti ya ce, "Dokar nan ni na kawo ta, ni zan janye ta. A fito da kwalayen."

Aka fito da su! Ɗari uku da goma sha biyu, ba wanda ya tafi kasuwa, ba wanda aka ƙunsa kaya da shi. Yau idan aka yanke ƙyallen ƙofar can kuka shiga, kada ku neme su a lungu, kada ku neme su a bayan ƙofa inda suke a da. Suna kantar farko, kusa da babbar taga, inda haske ya fi yawa, kuma Baba da kansa ya zaɓi wurin. Ke nas, garinki yana nan. Kai direba, kashi na uku yana jiran ka, kuma daga yau ka ara da sunanka. Ku iyayenmu mata da kuka shekara kuna ɓoye littafi a ƙarƙashin mayafi, ku fito da shi ku riƙe a hannu. Wannan nasara taku ce, ku da kuka karanta su har suka yage. Da ba ku yaga ba, da ban ɗiga ba, da ba wanda ya san ana ƙaunarsu haka.

Saura magana ɗaya in sauka. Yau da safe, ina cikin haɗa kayana, aka ƙwanƙwasa ƙofar ɗakina sau biyu. Baba ne, da takarda a ninke gida huɗu. Ya ce, "Malam, na arba'in da biyu. Na ɗora daga inda ta tsaya. Kada ka sa shi a aljihu, ka ɗinke shi a jikin nata." Ban karanta ba, domin ba ni aka rubuta wa ba. Na ɗauki allura na haɗa su da zare ɗaya, na ɗiga ɗigo na goma a bangon baya.

Allah ya jiƙan Mama, ya haskaka makwancinta. Allah ya ƙara wa Baba Hedimasta lafiya da nisan kwana. Allah ya saka wa 'yan kwamiti da ma'aikata da alheri, ya albarkaci hannun da ya rubuta da idon da ya karanta. Allah ya sa ɗakin nan ya cika har kujeru su ƙare, ya sa littattafansa su yi ta yagewa ni kuma in yi ta ɗinkewa, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.