Ƙwaryar da Aka Tsiyaya wa Baba

KANDE: Halo, Yaya Markus? Kande ce. Ina kwana?

MARKUS: Lafiya lau, ƙanwata. Ya unguwar Mando? Ya maigidan?

KANDE: Lafiya. Ya aiki?

MARKUS: Da godiya. Ya jikin Mama?

KANDE: Jikinta ƙalau. Horo dattawan coci suka sa ta jiya. Wata shida ba za ta ci jibin Ubangiji tare da masu bi ba.

MARKUS: Saboda me?

KANDE: Kai za ka tambaya? Har nan labari ya iso, wai ka tsiyaya burkutu a kabarin Baba.

MARKUS: Wace tsiya? Layin na ƙara.

KANDE: Tsiyaya na ce! Ka yi ko ba ka yi ba?

MARKUS: Na yi. Kina tsaye a asibiti Baba ya ce, "In na tafi ku tsiyaya mini."

KANDE: Ruwa yake nufi. A yayyafa wa kabari ƙasa ta kwanta.

MARKUS: Yayyafi daban, Kande. A bakin tsofaffinmu, in an ce a tsiyaya wa mutum, ƙwaryar farko ake karkatawa a hankali, ana kiran sunansa da na ubansa da na kakansa har ta ƙare. Ba a faɗin haka a kan ruwa.

KANDE: Mutumin da ya yi shekara talatin da baftisma? Shi ke kaɗa ƙararrawar coci fa.

MARKUS: Shi kuma ya tsiyaya wa Kaka, ina riƙe da rigarsa.

KANDE: To ka kyauta. Kai ka koma ofis abinka, tsohuwa na zaune a bencin baya, 'yan zumuntar matan coci na kallonta. Gobe ka zo ka gaya wa Fasto ba da saninta ka yi ba.

MARKUS: Ba zan iya ba.

KANDE: Girman kai ko tsoro?

MARKUS: Ƙarya ce ba zan yi ba. Ni ma ruwa na ɗebo. Mama ta karɓe bokitin, ta ce ba abin da mijinta ya roƙa ke nan ba.

KANDE: Kada ka yi mata sharri.

MARKUS: Ita ta jiƙa dawar, ita ta dafa. Sunayen ma ita ta riƙa faɗa mini, don ban san na kakan Baba ba.

KANDE: Amma jiya a gaban dattawa ko uffan ba ta ce ba.

MARKUS: Sun tambaye ta ko ta tuba?

KANDE: Sau uku.

MARKUS: To kin ji. Halo? Kande?

KANDE: Ga Mama nan ta shigo. Sai anjima.